Tsugunno da Ƙarfe a Kafaɗa: Tushen Ciwon Ƙugu a Fagge da Sabon Gari

Ƙaramar Hukumar Fagge, wadda Sabon Gari ke cikinta, tana cikin wuraren da aka fi ɗaukar kaya masu nauyi a birnin Kano, domin a nan Kantin Kwari da Kasuwar Singa da Kasuwar Sabon Gari ta Muhammad Abubakar Rimi suke, kuma babu wadda za ta ci a cikinsu sai da bayan 'yan dako masu sauke dilolin atamfa da buhunan shinkafa da sukari daga kan mota zuwa sito. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka, wannan yanki yake rayuwa a kan lodi da sauke. A shekarun baya-bayan nan kuma an sami wani rukuni na masu ɗaukar nauyi waɗanda ba lada suke nema ba, wato 'yan ɗaga ƙarfe, da suka haɗa da 'yan damben da ke shirin shiga fage a Dandalin Ado Bayero, da 'yan ƙwallo, da masu tsaron ƙofa a wuraren biki, da samarin kasuwa masu son murɗewar jiki. Wasunsu suna biyan kuɗin wata a gidajen motsa jiki masu na'urori, wasu kuwa a kango ko a soro suke yi da abin da ya samu, amma kukan da aka fi ji daga bakinsu duka ɗaya ne, shi ne ƙugu ya riƙe.

Atisayen da aka fi ɗora wa laifi shi ne tsugunno da nauyi, wanda su masu abin ke kira sukwat. Mutum yakan aza sandar ƙarfe mai faya-fayan nauyi a kan kafaɗunsa ta baya, ya lanƙwasa gwiwa da kwankwaso ya yi ƙasa, sannan ya miƙe tsaye, ya maimaita. Tsugunno ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda tun yarinta yake yinsa wajen alwala da ban-ɗaki da cin abinci da kasa kaya a bakin hanya, don haka yawancin samarin Fagge suna da sakin idon sawu da na kwankwaso wanda mutanen ƙasashen da suka tashi a kan kujera ke shafe watanni suna nema. Sai dai wannan sabo yana da nasa tarko. Tsugunnon gida na hutawa ne, ana sakin jiki a cikinsa, baya ya lanƙwashe, ɗuwawu ya zauna a kan dunduniya, kuma babu illa a hakan muddin babu kaya a kafaɗa. Wanda ya shiga ƙarƙashin kilo 80 da wannan sakin jiki, ya nemi ƙasan bayansa ya yi aikin da cinya da ɗuwawu ya kamata su yi.

Ƙashin baya jerin gaɓoɓi ne da ke hawa kan juna daga ƙeya zuwa ƙasa, kuma guda biyar da ke tsakanin haƙarƙari da kwankwaso, a wurin da ake kira tsatso, su ne mafiya girma, saboda su ke ɗauke da duk abin da ke samansu. Tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai faifan guringuntsi, mai zobe mai tauri a waje da tsakiya mai laushi da ruwa-ruwa, wanda aikinsa shi ne rarraba matsi. Ta bayan faya-fayan nan ne jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa cinya da ƙwauri da tafin ƙafa suke fitowa, shi ya sa idan tsakiyar faifai ta bulluƙo ta danne jijiya, mai ciwon yakan ji zogi yana sauka har ƙafa alhali ƙafar lafiyarta lau. Mafi yawan irin wannan bulluƙowa a faya-fayai biyu na can ƙasa take faruwa.

Abin da ke ƙayyade wahalar da tsatso zai sha ba yawan kilo kaɗai ba ne, har da nisan da ke tsakanin nauyin da shi. Wani masani a birnin Ulm na Jamus, Hans-Joachim Wilke, ya wallafa wani gwaji a 1999 inda aka sanya ƙaramin ma'auni a cikin faifan bayan wani mutum mai shekara 45, aka riƙa auna matsin da ke ciki da ma'aunin da ake kira megafaskal. Da mutumin ya tsaya kawai, matsin 0.5 ne, da ya sunkuya da lanƙwasasshen baya ya ɗauki kilo 20, sai ya kai 2.3, da ya lanƙwasa gwiwa ya ɗauka, ya sauko 1.7, da ya riƙe kayan manne da jikinsa kuwa, 1.1 aka gani. Mutum ɗaya aka gwada, don haka ba doka ba ce ga kowa, amma alkiblar a fili take: kilo 20 ɗin bai canja ba, nisansa da lanƙwasar baya ne suka ninka aikin. Tun kafin wannan, a 1985, Aurelio Cappozzo da abokan aikinsa a Italiya sun lissafa cewa mai rabin tsugunno da ƙarfen da ya kusan nauyin jikinsa, ko ya ɗara shi da rabi, yana ɗora wa tsatsonsa matsin da ya kai ninki shida zuwa goma na nauyin jikin nasa.

Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai iya cewa a bar ƙarfe kawai a huta, kuma wannan kuskure ne. Ƙashi da tsoka da jijiya suna ƙara ƙwari ne idan ana ba su aiki daidai gwargwado, kuma wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan masu gasar ɗaga nauyi, ya nuna cewa raunin da suke samu yana tsakanin ɗaya zuwa ɗan sama da huɗu a cikin kowace awa 1,000 ta atisaye, adadin da bai fi na ƙwallon ƙafa ba. Har ma akwai masana da suka sake duba hujjojin a 2020 suka ga cewa ɗan lanƙwasar baya wajen ɗaukar kaya, ita kaɗai, ba a tabbatar tana haddasa ciwo ba. Abin da ya fi dacewa a fahimta shi ne, baya yana ciwo ne idan aka ba shi abin da ya fi wanda ya saba, a lokacin da bai shirya ba, ko bayan ya gaji. Kyakkyawar tsayuwa tana rage kason da ke faɗawa kan tsatso, amma ba ta ceton mai gaggawa.

A nan ne yanayin wuraren atisaye na unguwa ya shigo, kuma a nan ne matsalar ta fi tsanani. A gidan motsa jiki mai cikakkun kaya, sandar maza kilo 20 ce, ta mata kilo 15, kowane faifai an rubuta nauyinsa a jikinsa, kuma akwai ƙanana masu kilo ɗaya da kwata ko biyu da rabi. A kangon unguwa kuwa, sandar sau da yawa bututun ruwa ne ko rodi mai kauri, nauyin kuma siminti ne da aka zuba a bokiti ko gwangwanin fenti ya daskare, ko tsofaffin ƙarafan mota da aka samo a wurin 'yan gwangwan ko a Ƙofar Ruwa. Wannan dabara abar yabo ce, domin ta buɗe wa talaka ƙofar da kuɗi suka rufe, amma babu wanda ya taɓa ɗora waɗannan kaya a kan sikeli, saboda haka ɓangaren dama yana iya fin na hagu da kilo biyu ko uku ba tare da an sani ba, sai jiki ya riƙa karkata yana cikewa da gefe guda na tsatso. Mafi muni shi ne rashin ƙananan faya-fayai. Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta ba da shawara a 2009 cewa a riƙa ƙara kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na nauyi idan wanda ake ɗagawa ya yi sauƙi, wato mai tsugunno da kilo 60 ya ƙara abin da bai wuce kilo shida ba. Saurayin da abin da ke gabansa dunƙulen siminti biyu ne masu kilo goma-goma, daga 60 zai yi tsalle zuwa 80, ƙarin kashi 33 cikin 100 a rana ɗaya, ga abokai a kewaye suna zuga shi, ga waya a ɗage ana ɗauka don a sa a TikTok. Idan kuma babu maratayin ƙarfe, wato tsayayyun sanduna biyu da ake ajiye sandar a kansu daidai kafaɗa, sai ya finciko ta daga ƙasa ya wuce da ita ta kansa, ko mutum biyu su ɗora masa ba lokaci ɗaya ba, kuma idan ƙarfinsa ya ƙare yana tsugune babu inda zai sauke ta sai dai ya murɗa jiki ya yar.

Ita tsayuwar daidai daga tafin ƙafa take farawa. Ana buɗe ƙafafu kimanin faɗin kafaɗa, yatsu su ɗan kalli waje, nauyi ya rabu tsakanin dunduniya da gindin babban yatsa da na ƙarami, kuma babu faɗi ɗaya da ya dace da kowa, saboda ramin da kan ƙashin cinya ke shiga a kwankwaso ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Silifas da takalmin gudu mai laushin ƙasa suna sa ƙafa rawa. Takalmi mai shafaffen ƙasa mai tauri, ko ma ƙafa tsirara a kan daɓe mai tsabta, ya fi su. Sandar tana zama ne a kan naman da ke tasowa idan aka matse allunan kafaɗa wuri ɗaya, ba a kan ƙashin da ya fito a gindin wuya ba, kuma naɗa mata tawul mai kauri yana ɗaga ta ne ya sa ta gangara.

Kafin a sauka sai a ɗaure ciki, kuma wannan shi ne abin da masu koyo suka fi sakaci da shi. Ana shaƙar iska ta cika ciki da gefuna har zuwa baya, ba ƙirji kaɗai ba, sannan a taurara tsokar ciki kamar ɗan damben da ke jiran naushi a cibiya, a riƙe hakan har a sauka a taso, sai a saki numfashi a sama. Matsin da ke taruwa a cikin ciki yana tallafar ƙashin baya ta gaba, yana hana shi naɗewa. Riƙe numfashi yana ɗaga bugun jini na ɗan lokaci, don haka mai hawan jini ko ciwon zuciya ko gwaiwa ya kamata ya ga likita tukuna, ya kuma tsaya a nauyin da zai iya numfashi a ƙarƙashinsa. Faffaɗan bel ɗin fata da ake ɗaurawa amfaninsa shi ne ya ba ciki abin da zai tokara, amma ba ya gyara karkatacciyar tsayuwa, kuma ba ya warkar da ciwon da ya riga ya kama.

Wajen sauka, kwankwaso da gwiwa tare suke lanƙwasawa, gwiwoyi suna bin inda yatsun ƙafa suka nufa, sandar kuma tana tafiya a miƙe bisa tsakiyar tafin ƙafa. Akwai wata magana da ta yaɗu a wuraren atisaye cewa kada gwiwa ta wuce yatsun ƙafa, kuma ta jawo wa baya wahala mai yawa. A 2003 Andrew Fry da abokan aikinsa a Jami'ar Memphis ta Amurka sun sanya katako a gaban gwiwar masu tsugunno don ya hana ta wucewa, sai suka tarar cewa wahalar gwiwa ta ragu da kimanin kashi 22 cikin 100, amma ta kwankwaso ta ninka fiye da sau goma, domin wanda aka tare wa gwiwa dole ya kifa ƙirji gaba, kuma tsatso ne ke biyan wannan kifawa. Mai doguwar cinya musamman ba shi da makawa sai gwiwarsa ta wuce yatsu, kuma babu laifi matuƙar dunduniya tana ƙasa.

Zurfin tsugunno kuma yana ƙarewa ne a inda mutum ya daina iya riƙe bayansa. Idan aka tsaya a gefe aka kalli mai sauka, akwai wurin da ɗuwawu ke fara shigewa ƙarƙashi, ƙasan baya ya kumbura waje. Kaɗan daga wannan ba abin tsoro ba ne, amma idan ya yi yawa a ƙarƙashin nauyi mai yawa, to a tsaya sama da wurin, ko a ajiye benci a baya a riƙa taɓa shi ana tashi. Wayar da ake ɗaukar hoton burga da ita, da za a ajiye ta a gefe daidai kwankwaso, da ta nuna wannan a cikin minti ɗaya. Wajen tashi, ƙirji da kwankwaso tare suke tasowa. Wanda ɗuwawunsa ya riga ƙirjinsa tashi ya mayar da tsugunno sunkuyo, kuma alama ce ta cewa ƙarfen ya fi ƙarfin cinyarsa. Akwai kuma kishiyar wannan kuskure, wato banƙarewa, inda mai gudun lanƙwasa yake turo ƙirji da ɗuwawu ya ɗaga kai sama har tsatso ya lotsa ciki. Wannan yana matse ƙananan mahaɗan da ke bayan gaɓoɓin, kuma a jikin yaran da ba su gama girma ba, yawan banƙarewa yana iya tsaga wani siririn sashe na gaɓar ƙarshe. Abin da ake so shi ne baya ya zauna yadda yake idan mutum ya tsaya tsaf, ido yana kallon ƙasa 'yan taku a gaba.

Lokacin atisaye ma yana da tasiri. Faya-fayan baya suna tsotsar ruwa cikin dare, har mutum yakan fi tsayi da santimita ɗaya ko biyu da safe, kuma a wannan hali sun fi jin lanƙwasa, don haka masu fita daga sallar Asuba kai tsaye zuwa ƙarfe, musamman a sanyin hunturu, suna bukatar tafiya da ɗumama jiki, su fara da sanda zalla su riƙa ƙarawa. Masu zuwa da yamma bayan sun wuni suna sauke kaya a Singa kuwa, bayansu ya riga ya yi aikin ranar. Haka zafin watan Afrilu da ƙishirwar azumi suke rage ƙarfi, kuma mai hankali yakan rage nauyi a irin waɗannan kwanaki, ya ajiye sanda alhali yana jin saura tashi biyu ko uku a jikinsa.

Idan ciwon ya riga ya zo, abu na farko shi ne kada a firgita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a 2050, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 na masu shi ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a nuna a ce ita ce sanadi. Yawancin sabon ciwo yana sauƙi sosai cikin mako shida, kuma kwanciya ta kwana da kwanaki tana jinkirta warkewa, alhali tafiya da ƙananan ayyuka suna gaggauta ta. Mai atisaye zai iya komawa da tsugunno ba nauyi, sannan ya rungumi ƙaramin nauyi a ƙirji, wanda ke tilasta wa jiki miƙewa, kafin ya mayar da sanda kafaɗa. Gaggawar zuwa hoton MRI kuma sau da yawa asarar kuɗi ce da ƙarin fargaba, domin wani nazari na 2015 ya nuna cewa a cikin mutanen da ba sa jin ciwon komai, kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 suna da faifan da ya ɗan turo, adadin kuma ya kai kashi 84 a wurin 'yan shekara 80.

Abin da ya fi ciwon kansa haɗari a wannan yanki shi ne yadda ake danne shi. Wasu sukan danganta shi da sanyi ko basir su shiga shan jiƙo, wasu su je wanzami ya yi musu ƙaho, kuma tausa da gashi da ruwan ɗumi suna iya kawo sauƙi na ɗan lokaci. Amma mafi yawa kemis suke nufa a ƙulla musu haɗi, wanda galibi akan tara magungunan kashe zogi iri ɗaya biyu ko uku a cikinsa, irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda yawan shansu ke jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, balle ga mai zufa a rana bai sha ruwa ba. Tramadol ya fi wannan muni, domin abin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne bisa takardar likita, alhali wanda ke yawo a hannun samari har mai 225 akwai. Wanda ya sha shi ya shiga ƙarƙashin ƙarfe ya toshe hanyar da jikinsa ke gaya masa ya tsaya. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya sun hana dogaro da irin wannan magani, sun kuma fifita wayar da kai da motsa jiki mai tsari.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya. Idan mai ciwon baya ya ji tsakanin cinyoyinsa ko al'aurarsa ta mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suka riƙa zubowa bai sani ba, ko ƙafa ta fara ja, to mai yiwuwa tarin jijiyoyin da ke ƙasan laka ne aka danne, kuma jinkiri na iya barin nakasa ta har abada. Ciwon da ke tare da zazzaɓi da rama da gumin dare yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya, cutar da har yanzu ake gani a Arewa, mai sikila kuma da ke jin ciwo a matsematsi ko kwankwaso yana bukatar a duba kan ƙashin cinyarsa kafin ya taɓa ƙarfe. Waɗannan ba aikin maɗori ba ne. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, bai da nisa da Fagge, kuma da shi da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala duk suna da sashen gashin ƙashi, inda ake koya wa mai ciwo yadda zai koma aiki.

Ɗan dako ba shi da zaɓin da ɗan ɗaga ƙarfe yake da shi. Cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sanya kilo 23 a matsayin iyakar abin da ma'aikaci zai riƙa ɗagawa a yanayi mafi kyau, alhali buhun shinkafa kilo 50 ne, kuma shi ake wuni ana ɗauka. Abin da zai rage masa wahala shi ne a ɗora masa kaya daga bakin mota maimakon ya ɗauko daga ƙasa, ya manna shi da jiki, ya juya da ƙafafu ba da ƙugu ba, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa su samar da kura da baro a duk layin da za su iya shiga.

Su kuwa masu wuraren ɗaga ƙarfe a Fagge da Sabon Gari, gyaran da ake nema daga gare su bai fi ƙarfinsu ba. Su ari sikelin masu awo su auna kowane dunƙule su rubuta nauyinsa da fenti, su zuba ƙananan faya-fayai masu kilo ɗaya da biyu, su sa mai walda ya haɗa musu maratayi mai sandunan tsaro a gefe biyu da za su tare ƙarfe idan mutum ya gaza tashi, kuma kada su bar sabon shiga ya aza nauyi a kafaɗa sai wanda ya iya ya tsaya a gefensa ya ga tsugunnonsa da sanda zalla.